Kabarin da Sama'ilu Ya Haƙa a Gonar Dabino

Sama'ilu na Kukar Bawa matsoraci ne, kuma tun yana yaro har ya yi furfura bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye haka ba. In kare ya yi haushi a bayan danga, shi ne na farkon komawa zaure. Bai taɓa shiga rijiya yasa ba, bai taɓa hawa kuka ba. Matarsa Hure ce take ɗaura ƙugiya a gora ta zazzago ganyen miya, shi yana ƙasa yana tsincewa. Duk mai kaki abin gudu ne a wurinsa, ko da duba-gari ne mai leƙa randa. Ranar kasuwar Gezawa in ya hango hular ɗan sanda, sai ya zaga ta layin masu tukwane, alhali bai ɗauki allurar kowa ba. Amma abin da ya fi tsoro duk duniya shi ne gawa. In an yi rasuwa yakan zo, ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya yi gaisuwa ya sulale. Kafaɗarsa ba ta san nauyin makara ba. In aka yi masa gori sai ya ce, "Eh, ina tsoro. Ku da ba kwa ji, me kuka fi ni da shi?"

Noma dai ya iya shi. Gonarsa 'yar mitsitsiya ce kamar ta kowa a wannan ƙasa, inda kana tsaye a taka kana jin tarin maƙwabcinka a tasa. Duk rani yana bin jakinsa da mangalar taki, da damina ya zuba gero da dawa, ya soka wake a tsakani. Ba su taɓa yin arziki ba, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Sai shekarun fari suka zo, waɗanda a birni ake bin layi don sabulu da madara. Shekarar farko gero ya fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Ta biyu ko irin da aka binne bai dawo ba. Aka sayar da awaki, aka sayar da jakin. Rumbu ya zama wofi har ɓeraye suka ƙaura. Hure tana dafa tafasa ta barbaɗa ɗan garin rogo, ta raba wa yara, ita ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi. Maza suka fara watsewa, wasu Ikko, wasu Fatakwal.

Hure tana da ƙane, Tasi'u, mutum mai baki da dariya, wanda ya taɓa zuwa Libiya ya dawo da rediyo da agogo. Akwai wasan nan na miji da ƙannen mata a tsakaninsu, kuma Tasi'u ba ya raga masa.

"Mijin Yaya, tashi mu tafi Libiya," in ji shi. "Can ko kare babu, zafi ya gama da su."

"Sojoji fa?"

"Akwai su kamar ƙasa. Amma wa ya san da zamanka? Ko a nan ma ba a sani ba."

Sama'ilu ya ce shi ba inda za shi. Hure, wadda take tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, in tsoro ne, je ka ji shi a can. A nan ma jin sa kake yi, kuma bai taɓa kawo mana ko tiya ɗaya ba."

Da haka ya tafi. Suka bi ta Damagaram zuwa Agadas, daga nan suka hau bayan wata babbar mota da aka lafta wa buhuna da jarkoki. Yawancin hanyar idonsa a rufe yake, hannunsa ɗaya yana riƙe da igiyar kaya, ɗaya yana riƙe da rigar Tasi'u.

Suka sami aiki a wata gonar dabino, can bayan wani gari a kudancin ƙasar. Mai gonar wani dattijo ne, Hajji Miftahu, mai kanti a cikin gari. Yakan zo da akori-kura ya sauke musu fulawa da taliya da mai da ganyen shayi, ya zaga ya duba, ya koma. Su biyu ne kaɗai a gonar, kuma ba wanda yake da takardar zama. Aiki ya rabu da kansa. Duk abin da yake sama na Tasi'u ne, hawan dabino da sarar rassa, haka ma duk abin da yake bukatar baki, domin shi yake jin Larabcin mutanen. Abin da yake ƙasa na Sama'ilu ne. Ya koyi tayar da injin ban ruwa, ya koyi kora ruwa ta magudanar siminti zuwa fangali-fangali na albasa da ciyawar dabbobi. Ya koyi gasa gurasa da shan shayi mai ɗaci. Abin da ya ƙi koya shi ne magana. In ya ji ƙarar mota, sai ya shige ɗakin inji ya ja ƙofa har sai Tasi'u ya ƙwala masa kira. Ya fi shekara a gonar bai taka cikin gari ba.

"Ranar da babu ni, da wa za ka yi magana? Da injin?" in ji Tasi'u.

"Shi ai ba ya tambayata takarda."

Lokacin yankan dabino ya zo, da zafinsa mai narka mutum. Hajji Miftahu ya yi tafiya can bakin teku wajen bikin 'yarsa, ya ce sai bayan wasu kwanaki. Wata safiya Tasi'u yana can ƙololuwar wata doguwar bishiya, ya zagaya igiya a ƙugunsa da jikin itacen, yana yanka yana zuro wa Sama'ilu.

"Mijin Yaya! Hawo ka ga Kano daga nan. Ga Yaya Hure can tana neman wani mijin."

"Ka gaishe ta. Ka ce ta zaɓi mai jaki."

Tasi'u yana cikin dariya igiyar ta tsinke. Ya rungumi itacen, ya zamo, ya kasa riƙewa, ya faɗo da baya. Ƙeyarsa ta sami bakin magudanar siminti. Ƙafarsa ɗaya ta ɗan motsa, shi ke nan.

Abin da Sama'ilu ya fara yi shi ne gudu. Ya shige ɗakin inji ya ja ƙofa ya tsuguna. Ya daɗe a nan yana jiran a kira shi, kamar yadda aka saba. Da ya leƙo, rana ta ɗaga, ruwan magudana ya yi ja yana gangarawa cikin albasa, ƙuda kuma sun riga sun taru a fuskar Tasi'u.

Ƙudan nan ne suka fito da shi. A Kukar Bawa, wanda ya rasu da safe ba ya kai azahar a waje. Barin mamaci a rana abin kunya ne da ake yi wa zuri'a gori da shi. Kuma ba wanda ya taɓa neman izinin wani kafin ya binne nasa, domin liman da mai unguwa ai suna cikin sahu. Ko sau ɗaya bai zo wa Sama'ilu a rai ba cewa akwai ƙasar da mamaci yake bukatar takarda. Abin da ya sani kawai, ga ƙanin matarsa a yashe, ba kowa sai shi.

Ya matsa yana ja da baya, yana matsawa. Da ya kama ƙafafun, ya ji su da sauran ɗumi, ya saki ya yi amai. Ya sake kamawa. Ya ja shi inuwa, ya shimfiɗa shi a kan rassan dabino, ya rufe masa al'aura. Bai taɓa ganin wankan gawa ba, sai abin da kunnensa ya tsinta daga bayan zana: a fara da alwala, a fara da dama, a bi a hankali kamar mai rai. Ya yi hakan, yana yi yana ba shi haƙuri da ƙarfi, "Yi haƙuri Tasi, ban iya ba, yi haƙuri." Idon ya ƙi rufuwa sai da ya dafe shi da yatsa, yana kallon wani wajen. Babu likkafani, amma akwai farin yadi da Tasi'u ya saya don ɗinkin salla. Ya yayyaga shi da haƙori ya naɗe shi.

Ya haƙa kabari a gefen gona, irin na gida, babban rami da ƙarami a cikinsa. Ya tsaya shi kaɗai ya yi kabbara huɗu. Ya kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, ya jera rassan dabino a maimakon itace da fasassun tukwane, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe, ya tura rairayi. Kafin la'asar an gama.

Daga nan ya yi sauran abin da yake ganin ya kamata. Ya wanke jinin da yake kan siminti tas. Ya wanke kayan da Tasi'u ya mutu a ciki ya shanya. Ya haɗa rediyonsa da agogonsa da ɗan abin da ya tara, ya sa a cikin tasa jakar don ya kai wa uwar Tasi'u, Inna Larai. Igiyar kuwa, duk inda ya juya sai ya gan ta kwance kamar maciji, sai ya jefa ta a murhu ta ƙone. Ranar uku ya gasa gurasa ya cika kwano da dabino don sadaka. Babu wanda zai ba, sai ya kai bakin hanya ya ajiye ya dawo da gudu.

Da Hajji Miftahu ya dawo, Sama'ilu bai ɓuya ba. Ya kama hannun dattijon ya kai shi gaban kabarin, ya nuna bishiyar, ya nuna ƙasa. A ransa yana jiran a ce masa sannu, ka yi ƙoƙari. Sai ya ga fuskar mutumin ta sauya. Dattijon ya dafe kai da hannu biyu, ya yi ta zuba magana yana nuna hanyar gari, sannan ya faɗa mota ya tafi. Bai jima ba ya dawo da wani Bahaushe, Malam Sabo, mutumin Damagaram, tela, wanda ya daɗe a garin.

Malam Sabo ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Kai bawan Allah, ka san abin da ka aikata kuwa?"

"Na yi masa sutura, Malam."

"Da izinin wa? Likita ya gan shi? 'Yan sanda sun gan shi? Nan ba ƙauyenku ba ne. Nan ko ɗan sarkin gari ne ya mutu, ba a taɓa shi sai hukuma ta rubuta. Ina jinin?"

"Na wanke."

"Igiyar da ka ce ta tsinke fa?"

"Na ƙona."

"Kayansa?"

Sama'ilu ya nuna jakarsa.

Malam Sabo ya yi salati ya zauna a kan buhu. "To saurara. Mutum biyu a gona, ba na uku. Ɗaya yana cikin ƙasa da fasasshen kai. Ɗayan ya wanke jini, ya ƙona igiya, agogon mamacin yana jakarsa. In kai ne alƙali, me za ka ce? Kuma a ƙasar nan wanda ya kashe, kashe shi ake yi."

Sai a lokacin Sama'ilu ya gane. Ya zauna a ƙasa.

"Dattijon nan dole ya kai rahoto yau, in ba haka ba shi ma ya shiga ciki," in ji Malam Sabo, ya rage murya. "Amma akwai motar da za ta yi kudu da asuba. In ka bi ni yanzu, zan nuna maka inda take lodi. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba."

Sama'ilu bai bi shi ba. Daga baya mutanen Kukar Bawa sun so su mai da wannan jarumta, shi kuwa bai taɓa yarda ba. Ya ce da farko ƙafafunsa ne suka ƙi ɗaukarsa. Sannan ya tuna labari yana riga mutum isa gida. Kafin ya ƙetare hamada, za a ji a kasuwar Gezawa cewa Sama'ilu ya kashe ƙanin matarsa don agogo ya gudu. Ya auna igiyar rataya, ya auna shiga gidansa Hure ta dube shi da wannan magana a ranta, ya ga duka biyun ba ya iyawa, amma na biyun ya fi.

'Yan sanda suka zo da mota biyu da wani likita. Babbansu ya miƙa wa Sama'ilu shebur ya nuna kabarin. Haka ya tone abin da ya binne da hannunsa, kowa ya toshe hanci da hankici ban da shi. Da ya ɗaga rassan dabinon, babban ɗan sandan ya leƙa, ya daɗe yana kallon yadda aka naɗe gawar da inda fuskarta take duba. Aka sa Tasi'u a bayan mota ɗaya, aka sa wa Sama'ilu ankwa aka tura shi ɗayar.

"Ina za a kai shi?" ya tambayi Malam Sabo.

"Ka ji da kanka tukuna."

A wajen tambayoyi Malam Sabo ne tafinta. Nan Sama'ilu ya lura da wani abu. Sai ya yi bayani mai tsawo, tun daga hawan bishiya har zuwa sadakar uku, Malam Sabo ya juya ya faɗi kalma biyu ya yi shiru. Ba mugunta ba ce. Mutumin yana da shago da iyali, shi ma kuma ba ya son ya daɗe a gaban masu kaki. Amma Sama'ilu ya ga cewa wuyansa yana rataye a bakin wani, kuma mai bakin sauri yake yi.

Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, ya yi watanni. Ɗakin cike yake da mutanen Chadi da Sudan da Masar da 'yan ƙasa. Duk lokacin da aka taɓa ƙofar ƙarfen, sai ya ɗauka shi aka zo ɗauka. Duk maganar da gandiroba ya yi yana kallon wajensa, sai ya ɗauka ranar kashe shi ake faɗa. Rashin sanin abin da ake cewa ya fi yunwa da kwarkwata cin sa. Saboda haka ya fara koyon Larabci, ba don son ilimi ba. Akwai wani tsoho ɗan Sudan da aka kama kan rikicin raƙuma. Sama'ilu yakan wanke masa riga, shi kuma ya riƙa faɗa masa sunayen abubuwa. Kalmar da ya fara tambaya ita ce ta kisa, don in an faɗe ta ya gane. Sannan igiya, bishiya, faɗuwa, jini, ƙuda, ƙanin mata. Yakan juya fuska bango ya yi ta maimaita labarinsa. 'Yan ɗakin suna dariyar lafazinsa, suna kwaikwayonsa. Tun yana jin kunya har ya fara cewa su gyara masa, suka kuwa gyara. Kafin a kira shari'arsa, duk ɗakin sun haddace yadda Tasi'u ya faɗo.

Kotun wani ƙaramin ɗaki ne mai fanka. Alƙalin mai gilashi ne, ba ya ɗaga murya. Hajji Miftahu yana zaune a baya, Malam Sabo yana tsaye kusa da Sama'ilu. Alƙali ya duba takardun gabansa ya yi tambaya, Sama'ilu kuma ya gane ta tun kafin a fassara: me ya sa ka ƙona igiyar?

"Ce ba ka ƙona ba," in ji Malam Sabo ƙasa-ƙasa da Hausa. "Ce ɓata ta yi. Ba wanda ya gani."

Sama'ilu ya ji wani ɗumi yana bin cinyarsa. Fitsari ne, kuma duk wanda yake ɗakin ya gani. Ya riƙe katakon gabansa, ya buɗe baki da Larabcinsa na gidan yari, guntu-guntu kamar na mai koyon magana.

"Na ƙona. Ni na ƙona. Ina ganin ta, ina tsoro."

Malam Sabo ya ja masa riga. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce a bar shi.

"Garinmu, mutum ya mutu da safe, azahar yana ƙasa. Babu takarda. Ban san takarda ba. Shi ƙanin matata. Ya faɗo. Rana, ƙuda a ido, ƙuda a baki. Ba kowa. In bar shi? Na wanke shi, na yi salla, na binne. Agogo na uwarsa. Ban kashe ba. Shi yake magana domina, shi yake kawo ni, shi zai mai da ni. In kashe shi, wa zai mai da ni?"

Alƙali ya tambaye shi ta wane gefe Tasi'u ya faɗo, da abin da ya fara bugawa. Ya faɗa, ya nuna da hannu yadda ya rungumi itacen ya zamo. Alƙali ya ɗauki takardar likita ya karanta a hankali. A ciki an rubuta cewa wuya ya karye, fatar ƙirji da ta hannuwa ta saɓule, kuma an ciro ƙayoyin dabino a tafin hannu. Ba wanda ya taɓa gaya wa Sama'ilu abin da takardar ta ƙunsa, ga shi kuma maganarsa ta hau daidai.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Babu laifin kisa. Akwai laifin binne mutum ba da izini ba, da na shiga ƙasa ba takarda, kuma zaman da ya yi ya isa. Hajji Miftahu ya miƙe ya ce shi zai tsaya masa a yi masa takardar aiki. Ko tausayi ne, ko don albasarsa ta bushe tun da aka kama mai ban ruwa, shi ya sani.

Da suka fito, Sama'ilu bai nemi abinci ba, ya ce a kai shi wurin Tasi'u. Sai aka ce ai tuni asibiti suka sa aka binne shi a maƙabartar bayan gari, ɓangaren baƙi. Suka je. Fili ne na tudun rairayi jere-jere, ba suna, ba alama, iska ta shafe rabinsu. Mai gadin ya yi nuni da haɓa ya ce, "Cikin waɗancan." Sama'ilu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rasa gaban wanda zai tsaya.

Ya koma gonar ya yi wasu shekaru. Hajji Miftahu ya ɗauko wani ɗan Chadi don hawan dabino, Sama'ilu kuma ya zama shi ne mai magana. Ya ba wani amintaccen mutumin Minjibir kayan Tasi'u ya kai gida, tare da labarin yadda abin ya faru, ba ragi. Ya fara shiga gari ranar Juma'a. A hankali Hausawan da suke aiki a gonaki da wuraren gini suka san shi, domin in wani ya mutu a cikinsu, kowa yakan watse don tsoron kamu, sai a aika a kira Sama'ilu. Shi ne mai zuwa ofishin 'yan sanda, rigarsa jiƙe da gumi, takardarsa a hannu, ya ce an yi mutuwa a wuri kaza. Shi ne mai zaman jiran likita, mai karɓo izini, mai wanka. Malam Sabo yakan ba da yadi daga shagonsa, yana mita. Duk wanda aka binne, Sama'ilu yakan kafa dutse a kansa ya shafa masa fenti, ya kuma nemi wanda zai kai labari garinsu. Wani ya taɓa ce masa ai yanzu ya zama namiji. Ya ce, "Ina fa. Har gobe in na ga ƙofar ofishin nan sai na nemi bayan gida."

Ya dawo Kukar Bawa bayan damina ta gyaru. Inna Larai ta riga ta rasu. Ya zauna a tsakar gida ya sake ba Hure labarin da bakinsa, har tonon da aka sa shi ya yi. Ta saurara har ƙarshe, ta share fuska da gefen zane, ta tashi ta zubo masa tuwo. Ya sayi jaki, ya koma bin mangalar taki.

Tafiya Libiya ba ta tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Har ya tsufa, in ya ji wasu za su tashi, yakan dogara sanda ya je har gida ya same su. Ba ya hana kowa, ba ya kuma sa albarka mai tsawo. Yakan ce:

"In ɗayanku ya faɗi, kada ku gudu, kada kuma ku taɓa shi. Ɗaya ya zauna kusa da shi ya riƙa kore masa ƙuda, ɗaya ya je ya kira hukuma, ko da za a kama shi. Sannan ina roƙonku abu guda. In hanya ta bi da ku garin nan, ku je maƙabartar bayan gari, ɓangaren baƙi, wajen tsofaffin da ba su da dutse. Ban san wanne ne nasa ba. Ku tsaya a tsakiya ku yi sallama da Hausa, da ƙarfi, ku ce Tasi'u na Kukar Bawa, mutanen gida ne suka zo."